Motar Kawu da batirin da ya kai wata shida bai mutu ba

Duk shekara, da zarar an ɗaure damman hatsi an kai rumbu, kawuna yakan kama hanyar Abijan kamar yadda mazan Adar da yawa ke yi. Yana barin Tahoua a farkon Nuwamba, ba a sake ganinsa sai cikin Mayu, dab da shuka. Motarsa, Toyota Hilux mai shan gazuwal, tana zama a tsakar gida wata shida da ɗoriya. Gidan yana can bakin gari ta wajen hanyar Agadas, inda turakun wuta ba su kai ba tukuna, don haka batun jona caja a bango bai ma taso ba. Cikin shekara biyu ya sayi sabon batir har biyu, duka suka mutu motar tana tsaye wuri ɗaya. A shekara ta uku ne ya kira ni, tunda sana'ata ke nan, sa sola a gidaje da shaguna da rijiyoyin lambu.

"Ɗana," in ji shi, "a Malbaza rana ce ke ba mutane wuta. Yaya za a yi batir guda ya gagare ta a gidana?"

Tambayar tana kan hanya. Tashar wutar sola ta Malbaza, a nan jiharmu, tun 2018 take aiki da ƙarfin megawat 7, kuma duk wanda ya yi Afrilu ɗaya a Tahoua ya san rana ba ta yi mana rowa. Kafin in taɓa komai sai na zauna da mutanen gidan, na sa suka ba ni labarin yadda batiran biyu suka mutu, ɗaya bayan ɗaya.

A shekarar farko an ɗora wa wani yaron gidan aikin tayar da mota duk Juma'a, ya bar ta tana aiki minti goma, ya kashe. Yaron bai yi wasa da aikin ba, amma kafin Janairu ya ƙare sai dai a murɗa makulli a ji ƙas, shi ke nan. Batirin ya zauna a haka har Mayu. Batirin mota na gubar dalma da ruwan asid ba ya yafe irin wannan zama: in ya daɗe babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan da ke cikinsa, ya yi tauri, daga nan ko an kai shi wurin mai caji kwana uku ba zai ƙara riƙe wutar kirki ba.

A shekara ta biyu Kawu ya zo da wani ɗan faranti na sola mai faɗin littafi, ya ɗora shi a gaban mota bayan gilashi, ya cusa wayarsa a ramin kunna taba. Abin da bai lura da shi ba, a motarsa, kamar a Toyota da yawa, wannan ramin ba ya haɗe da batir sai an murɗa makulli. Wato farantin ya yi ta shan rana, ko ɗigon wuta bai isa batir ba. Robar jikinsa ma ta lanƙwashe, don gaban motar da aka rufe a rana yana iya wuce digiri 70. Da motar ta ƙi tashi bayan mako shida, aka ɗauki batirin a kan babur aka kai caji. Sai wani maƙwabci mai son taimako ya tuna akwai tsohon panno, wato farantin sola, mai wat 50 a ɗakin ajiya, ragowar solar gidan da batirinta ya mutu tun tuni. Ya ɗora shi a kan katanga, ya ja waya biyu kai tsaye zuwa kan batir, babu komai a tsakani.

Wannan batirin na biyu na same shi a bayan ɗaki, kuma na daɗe ina dubansa. Gefensa ya kumbura, kan ja, inda ake ɗaura jar waya, ya yi furfurar gishiri mai kore-kore. Da na buɗe murafun shida na haska da fitilar waya, kawunan farantan ciki a bushe suke, sun yi fari. Hajiya, matar Kawu, ta ce akwai lokacin da in an wuce ta gaban motar da tsakar rana ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, da wani sauti kamar tukunya ta fara tafasa.

Ga abin da ya faru. Farantin da ake cewa na bolt 12, in ka auna shi a rana babu abin da ke jone da shi, za ka ga wajen bolt 21 ko 22, kuma wajen 17 zuwa 18 yake ba da cikakken ƙarfinsa. Muddin batir yana da yunwa, shi ke janyo wannan ƙarfi ƙasa. Da ya ƙoshi, farantin ba shi da hanyar sanin haka, sai ya ci gaba da ɗura masa, ƙarfin ya haura 15, wutar da ta yi rara ta koma farfasa ruwan ciki yana fita a iska. Panno mai wat 50 yana ba da kusan ampar 3. Ko da ampar-awa 10 kawai ke yin rara a wuni (ampar-awa ɗaya shi ne ampar ɗaya na tsawon awa guda), kowane ɗaki daga ɗakuna shidan batirin yana asarar ruwa sama da mililita 3 a rana, kusan 100 a wata. A yi wata huɗu a haka a gani. Iskar da ke fita kuwa mai kama wuta ce, a ƙarƙashin rufaffen kafo, wato murfin inji, a gidan da ake hura murhu kusa. Wannan ya fi asarar batirin tayar mini da hankali.

Da aka sayo batir na uku, mai ampar-awa 80, ban fara da sola ba. Na fara da auna abin da motar ke sha tana kashe. Na rufe ƙofofi, na cire makulli, na jira rabin awa, sannan na kwance wayar kan baƙi na sa mita a tsakaninta da batir. Motar da take lafiya takan ja miliampar 20 zuwa 50 (miliampar dubu ne ampar ɗaya), abincin agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da makamantansu. Ta Kawu miliampar 90 take ja. Na shiga zare fiyus ɗaya-ɗaya ina kallon mita, har na zo kan na rediyo, lambar ta faɗo zuwa 25. Rediyon ba na asali ba ne, kuma wanda ya sa shi ya murɗe wayar da ke jiran makulli da wayar da ke da wuta kullum wuri guda, don haka bai taɓa yin barci sosai ba. Raba su bai ɗauki minti ashirin ba.

A nan ne asirin shekarar farko ya fito. Miliampar 90 dare da rana ya haura ampar-awa 2 a kwana, wajen 15 a mako. Minti goma na injin da ke aiki a tsaye, ko da altarnata, na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, na tura ampar 20, abin da zai mayar bai fi 3 da ɗan kai ba. Kowace Juma'a yaron yana zuba kwano guda a rumbun da ake ɗiban kwano biyar. Da a ce motar tana fita ta yi tafiyar awa guda a hanya, da labarin ya bambanta.

Na gaya wa Kawu hanya mafi arha: a kwance wayar kan baƙi a bar batirin shi kaɗai, duk wata biyu a kai shi caji. Har yanzu ita nake ba duk wanda ba shi da kuɗin kayan sola shawara. Sai dai batir ko ba a jone da komai ba yana zubar da wutarsa a hankali, kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wata a wuri mai sanyi, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka wannan, don haka a Tahoua ba a mance da shi wata shida a ce an huta. Kawu bai karɓi shawarar ba, kuma dalilinsa mai ƙarfi ne. Surukarsa tana da ciki, gidan yana nesa da asibiti, yana son in wani abu ya taso da dare maƙwabcinsu direba ya shiga ya murɗa makulli kawai, ba tare da neman sifana a cikin duhu ba.

Sai na yi lissafin abin da ake bukata. Motar bayan gyara tana shan ampar-awa 0.6 a kwana. Zubar da batirin ke yi da kansa a zafi, a ce 0.3. Regilata, wato ƴar na'urar da ke tsayawa tsakanin faranti da batir tana hana cikawa ta wuce kima, ita ma tana cin nata, wajen 0.2. Jimilla ampar-awa 1 da ɗan ƙari. Faranti mai wat 10 yana ba da rabin ampar da ɗoriya, kuma a ƙasarmu ana samun abin da ya kai awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana, don haka a takarda ya isa har da saura. Na zaɓi mai wat 20 saboda ƙurar hunturu, kuma saboda zafi yana rage wa faranti ƙarfi, kusan kashi 0.4 cikin 100 a duk digiri ɗaya sama da 25. Kuɗin faranti da regilata da waya gaba ɗaya bai kai na batir sabo guda ba.

Motar muka tura ƙarƙashin rumfar zana kusa da dogon yaro, don batir inuwa yake so, faranti ne kaɗai ke son rana. Shi kuma na kafa shi a kan rufin ɗakin zaure, yana fuskantar kudu, a ɗan karkace kamar digiri 15, daidai da matsayin Tahoua a doron ƙasa. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu rana ta kudu take bi da tsakar rana, wato dai kusan duk lokacin da Kawu ba ya nan. Na bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Wayar na zura ta cikin tiyo saboda awaki da ɓeraye. Dab da kan ja na sa fiyus mai ampar 5, domin batirin mota na iya tura ɗaruruwan ampar in waya ta goge ta taɓa ƙarfe, kuma rumfar zana ce a sama. Na fara jona regilata da batir, sannan faranti, don ta gane irin batirin da take tare da shi. A tsakiyar wayar na sa mahaɗi mai zarewa da hannu, na ɗaura jan ƙyalle a sitiyari don kada direba ya ja mota da waya a jikinta.

Regilatar ta zo a saite ta tsayar da cikakken batir a kan bolt 13.8. Wannan lissafin wuri ne mai digiri 25. Ana rage wajen 0.02 zuwa 0.03 a duk digiri ɗaya da ya ƙaru, mu kuma muna da watannin da ake wuce 40, don haka na sauko da ita 13.4. Na ɗaure ta a jikin ginshiƙin rumfa inda ake ganin lambobinta, na nuna wa wata ƴar Kawu mai zuwa makaranta yadda za ta karanta. Sharaɗin shi ne duk Juma'a bayan sallar asuba, kafin rana ta taɓa faranti, ta ɗauki hoton lambar ta turo mini ta WhatsApp. Lambar rana ba ta faɗin gaskiyar batir, ta faranti take faɗa. Ta asuba ce ke nuna abin da ya kwana a ciki: 12.6 ko 12.7 cikakke ne, 12.4 ya ragu da kusan kwata, 12.2 rabi, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa.

Nuwamba da Disamba lambar ba ta sauka daga 12.6 ba. A makon farko na Janairu ta turo 12.4. Mako na gaba 12.3. Na ce ƙura ce, tunda kwanakin nan hazo ya rufe gari har ana iya kallon rana da ido. Na je da tsakar rana na hau rufi. Farantin ya yi ja wur, har na rubuta a kansa da yatsa, ga kashin tsuntsu ya rufe kusurwa ɗaya. Wannan kashin ya fi ƙurar ɓarna, don ƙwayoyin faranti a jere suke kamar sarƙa, in an rufe guda ɗaya duka layin yake shaƙewa. Kafin in goge, ampar 0.5 ke shiga. Da na wanke da ruwa da tsumma mai laushi ya koma 1.0. Na sa a riƙa goge shi sau biyu a mako da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi, na tafi da zaton an gama.

Juma'ar da ta biyo baya sai ga 12.1.

Abin ya tsaya mini a rai. Ko da rabin ƙarfinsa farantin ya kamata ya ninka bukatar motar. Na sake auna abin da motar ke sha, 25 ɗin nan dai. Na duba ruwan batir, yana nan daidai. Sai na yanke shawarar in koma bayan isha'i ba tare da na sanar ba. Da na shiga da sallama, a gindin ginshiƙin rumfa na ga tabarma, a kanta wayoyin salula guda biyar suna haske, biyu a jone da ramukan cajin waya da ke jikin regilatar, uku suna jiran layi. Biyu daga ciki ma na maƙwabta ne.

Na durƙusa na gaida Hajiya, na ce, "Hajiya, tun yaushe kuke caji a nan?"

Ta ce, "Tun da sanyi ya shigo, ɗan nan. Yara ne suka ga ramin. Mun ce wutar rana ce, Allah ya kawo, ba sai mun aika kasuwa kullum ana biya ba. Mun yi ɓarna ne?"

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Ni na kafa abu mai ramin caji a tsakar gidan da ba shi da wuta, ban kuma yi wa kowa bayani a kansa ba. Na zauna na yi musu lissafin. Babbar waya irin ta yanzu tana ɗaukar wajen ampar-awa 1.5 daga batir mai bolt 12 kafin ta cika. Biyar sun haura 7 a dare guda. Farantin a ranar da ya fi kowace kyau bai wuce 5 da rabi ba, a cikin hazo kuwa 3 ma da ƙyar. Ita regilatar ba za ta hana ba, domin ba ta yanke ramukan sai batir ya sauka wajen bolt 11, ma'aunin da aka yi don batirin sola mai kaurin farantan ciki, wanda aka ƙera don a sha shi da dare a cika da rana. Batirin mota farantansa sirara ne masu yawa, aikinsa ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan a mayar masa nan take. In ana kwashe shi ƙasa kowane dare, ƴan watanni zai yi.

Da na liƙe ramukan na yi tafiyata, da na bar gidan da matsalar da ta kai su ga ramukan tun farko, kuma na san wata rana za a ɓare abin da na liƙa. Na kira Kawu a daren, na gaya masa yadda ake ciki. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To wancan babban pannon da ya ƙone mini batir, ba ya da amfani?" Yana da shi mana. Lafiyarsa ƙalau, abin da ya rasa a bara regilata ce. Kawu ya turo kuɗi, na sayo regilata ta biyu da ƙaramin batirin sola, na kafa mai wat 50 ɗin a ɗaya gefen rufin, na ja layi zuwa ɗakin Hajiya da ramukan caji da ƙwan fitila biyu. Sannan na rufe regilatar mota a cikin akwatin katako mai ramukan shan iska, na bar taga daidai wurin lambobi.

Batirin motar ban bar wa ƙaramin faranti aikin ɗago shi ba. Mai wat 20 na riƙe cikakken batir ne, in aka ce ya cike ramin ampar-awa 40 cikin hazo zai ɗauki makonni, gishirin nan kuma ba ya jira. Na jona shi da babban farantin ta sabuwar regilata kwana huɗu, har ya kai 14.4 da rana ya kwana a kan 12.6, sannan na mayar da shi kan nasa.

Daga nan lambar asuba ta zauna tsakanin 12.5 da 12.7. A Afrilu, da zafi ya kai maƙura, na buɗe murafun na ƙara ruwan batir kaɗan a ɗakuna biyu, tataccen ruwan da ake sayarwa a kwalba, ba na rijiya ba kuma ba asid ba. Sau ɗaya aka bukaci motar, wani dare cikin Maris da naƙuda ta kama surukar Kawu. Direban ya gaya mini ya ga jan ƙyallen, ya zare mahaɗin, ya jira fitilar ɗumama inji ta mutu, ya murɗa sau ɗaya ta tashi. Washegari ƴar Kawu mai karanta lamba ta mayar da mahaɗin da kanta.

Kawu ya sauka a mako na biyu na Mayu. Sola ba ta hana tayoyi biyu yin laushi ba, kuma mun tarar ɓera ya yi sheƙa a cikin akwatin matatar iska, sai da muka share muka canza matatar. Na auna batirin a gabansa da asuba, 12.6, lokacin murɗa makulli kuma bai sauka ƙasa da bolt 10 ba. Muka naɗe wayar muka rataye a ginshiƙi, na rufe bakin mahaɗin da leda saboda damina, farantin ya zauna a wurinsa har Nuwamba mai zuwa. Ranar Asabar ya loda irin shuka da buhunan taki ya nufi gona.